Wata Bakwai Muna Neman Aibun Babur

Duk faɗin unguwar Faisal da ke Alƙahira, daga farkon titi har inda ya ƙare, babu Bahaushen da ya kai ni sanin babur. Ban sa Misirawa a ciki ba don kada a ce na cika baki, amma su ma a kawo su. Ina kwance a hawa na biyar babur zai wuce a ƙasa, in faɗa maka silinda nawa gare shi, da ƙasar da aka ƙera shi, da ko mai shi ya karya kumallo. Shekara goma sha ɗaya na yi ina acaɓa a Kano kafin in zo Alƙahira. Na ɗauki mai naƙuda, na ɗauki raguna biyu da mai su, na taɓa ɗauko firij daga Sabon Gari zuwa Kurna ban sauke ƙafa ba ko sau ɗaya.

A nan aikina tafinta ne. Masu zuwa neman magani daga gida ni nake tarbo su, in sama musu masauki, in kai su wurin likitoci, in juya musu Larabci zuwa Hausa. Da wani ƙaramin babur ɗan Sin nake zirga-zirgar karɓo sakamakon gwaji da magunguna. Shekaru yana yi mini bauta, har ranar da na maka shi a bayan wata mikrobas, ƙaramar bas ɗin haya, da rana tsaka. Na gaya wa kowa direban ne ya yi baya ba zato. Kowa ya ce Allah ya kiyaye gaba. Motar a tsaye take, direbanta ma yana gefen titi yana shan shayi.

Ban yi kukan babur ɗin ba, domin na daɗe da burin wani. Akwai manyan baburan nan da ake ce wa tsirara, waɗanda ba a lulluɓe su da roba ba, injin a fili, ƙarfe a fili, fitila ɗaya a gaba kamar idon mai fushi. Ba gilashin da zai tare maka iska, duk gudun da ka yi a ƙirjinka za ka ji shi. Tun ina acaɓa nake yanko hotunansu a mujalla. Yanzu autata ta yi aure, nauyi ya ragu, na ce lokaci ya yi. Burina bai wuce in tashi da sassafe ranar Juma'a, lokacin da titunan Alƙahira suke hutawa, in miƙi hanyar Iskandariyya, in ci kifi a bakin teku, in dawo kafin la'asar.

Mutum biyu na ɗauka su raka ni zaɓe. Na farko wani Badamagare ne mai shagon atamfa da turare a layinmu, abokin wasana, wanda shekara ashirin ke nan bai taɓa ganina ya ƙyale ni ba. Tumbina, sanƙona, yadda nake cin ƙoshari, babu abin da bai yi wa waƙa ba. Shi ma yana da babur, sai dai shi moto yake cewa. Na biyu wani malami ne ɗan Sakkwato da ke digirinsa na uku a fiƙihu, mutum mai sanyin magana, wanda ya san littattafan babura kamar yadda ya san na mazhaba, ko da yake bai taɓa wuce giya uku ba.

Duk Juma'a bayan an sauko, sai Badamagare ya buɗe tallan da ke wayarsa ya karanto mana, mu shiga mikrobas ko metro mu tafi.

Na farko ɗan Italiya ne, ja wur, silinda biyu, a wani gareji a Giza. Da aka tada shi sai da na ji kayan cikina sun sauya wuri. Na ce khalas, an gama.

Badamagare ya kai tafin hannu kusa da injin ya janye. "Bakano, wannan murhu ne. Ka tsaya da shi minti goma a cunkoson gada cikin watan takwas, sai dai mu zo da yaji da albasa mu ci cinyarka."

Malam ya ƙara da cewa kayan gyaransa sai an yi odar su daga waje, wata uku ana jira. Gaskiya suka faɗa, na haƙura.

Na biyu ɗan Jamus ne, cike da na'urori. Yana da abin da ke hana taya zamewa, da abin da ke hana gaba ɗagawa, da abin ɗumama hannu, a ƙasar da rana ke soya ƙwai. Malam ya ce babur ɗin da ya fi mai shi ilimi akwai shubuha a cikinsa, kuma ranar da waya ɗaya ta tsinke babu usta, wato makaniki, a Faisal da zai gane kansa. Na uku ɗan Ostiriya ne mai launin ruwan lemo, mara nauyi, mai tsalle kamar ɗan akuya. Na hau, ƙafata ɗaya ta taɓa ƙasa, ɗayar tana lilo.

"Sai mu saya maka da tsani," in ji Badamagare. "Ko kuwa duk danja ka nemi bakin kwalbati?"

Har mai babur ɗin ya yi dariya, bai ma ji Hausa ba.

Haka muka yi ta yi. Ɗan Ingila mai silinda uku, wanda kukansa ke fita da wani siririn fito, suka ce sirdinsa na baya ko kaza ba za ta zauna ba, ina zan ɗora uwargida? Matar da rabonta da hawa babur tun muna Kurna. Wani suka ce sarƙarsa ta saki. Wani suka ce takardunsa ba su cika ba. Mu dawo mu zauna a gidan shayi muna musu a kan ƙarfin doki da nauyi da birki, ni ina buga tebur, su suna girgiza kai. Ban taɓa jin daɗin wata bakwai kamar waɗannan ba, kuma a cikinsu ko sau ɗaya ba su bari na zagaya da babur ɗin kowa ba. Kafin in miƙa hannu ga makulli an riga an samo aibu.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Ina da ciwon suga tun da daɗewa, kuma na riƙe shi yadda ake riƙe baƙon da ba a so, a gaisa da safe a manta da shi. Kafin in daki mikrobas ɗin nan da kusan shekara, wasu baƙaƙen zaruruwa suka fara yawo a idona na hagu. Daga baya ya zama kamar ina leƙe ta cikin ruwan wanki. Na dama ya fara bin sahu. Ni da nake kai mutane wurin likitan ido duk mako, na san sunan abin da Larabci, na san shi da Turanci, na sha fassara wa tsofaffi shi ina cewa su yi haƙuri, da sun zo da wuri. Ni kuwa na ce gajiya ce. Na ƙara girman rubutun wayata har kalma uku ke cika fuskarta. Na gaya wa kaina ranar da na hau babban babur iska za ta wanke komai.

Sai muka samu ɗan Japan. Baƙi ne, silinda huɗu, na wani likitan haƙori a Hadayek el-Maadi da zai koma aiki ƙasashen Gulf. A cikin falo yake ajiye shi, a kan darduma. Sirdinsa daidai ni, ƙafafuna biyu suka zauna a ƙasa daram. Kayan gyaransa ko a kantin unguwa akwai. Injinsa na magana ƙasa-ƙasa kamar mai lazimi. Malam ya duba takardu sau biyu, ya mayar wa mai su bai sami aibu ba. Badamagare ya zagaya shi sau uku, ya durƙusa, ya leƙa ƙarƙashi, ya shinshina salansa.

"To, sarkin aibu," na ce, "muna jinka."

Ya miƙe ya ce, "Baƙi ne."

"Na gani."

"Baƙin moto yana jan zafi."

"Kai ma baƙi ne, shekara ashirin ina zaune kusa da kai ban ƙone ba."

Bai rama ba. Tunda nake da shi ban taɓa jefa masa magana ta faɗi ƙasa ba sai ranar. Ya ce wa likitan za mu yi shawara, ya kama hannuna muka fito. A metro na zazzage musu. Na ce hassada ce, na ce Damagaram ba ta taɓa son ci gaban Kano ba, na ce Malam ya koma ya duba hukuncin mai hana ruwa gudu. Malam ya dubi takalmansa ya ce, "Alhaji, alheri muke nufi." Na ce su riƙe alherinsu.

Ranar Talata da hantsi na saka hular kwanona a jaka, na ce wa uwargida zan je asibiti, na tafi ni kaɗai.

Likitan ya yi murna da ganina. Muka gangaro da babur ɗin zuwa layi, ya miƙo mini makulli ya ce, "Yalla ya Hajj, zagaya ka dawo." Da yatsa na lalubo ramin makullin. Allon gaba ya kama, na ga haske kore da fari, ban ga lamba ko ɗaya ba. Na danna, injin ya tashi. Shekara talatin ina jiran wannan rawar a ƙarƙashina. Na matse kuloci, na taka giya ɗaya, ta shiga da ɗan ƙwas mai daɗi. Na ɗaga kai.

Layin miƙaƙƙe ne, na san haka domin ta nan na shigo. Amma abin da ke gabana farin hayaƙi ne kawai, da duhu-duhun motoci a gefe biyu. Can gaba akwai wani abu fari a tsaye. Na ƙanƙance ido, na rufe na hagu, na buɗe. Ko mutum ne, ko buhu, ko hasken rana ne a kan kwalta, ban sani ba. Abin da ke hannuna kuwa kafin ka ce kwabo ya kai can. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a haka ba. Na mayar da giya, na kashe.

Likitan ya ce lafiya? Na ji bakina yana cewa, "Akwai ɗan ƙwanƙwasa a injin."

Ya rantse babu. Na ce kunnena ba ya ƙarya, ma'alish, ya yi haƙuri. Ina miƙa masa makullin na gane muryar da na yi magana da ita. Muryar Badamagare ce ranar da ya ce baƙin moto yana jan zafi.

A metro na samu wuri na zauna, jakar hular a kan cinyata. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta miƙo mini tishu.

Daga baya uwargida ta gaya mini ita ta je wurin Badamagare da Malam, mako guda bayan haɗarin. Ta lura in na ɗauki Alƙur'ani da safe sai in karanta shafi huɗu ban juya takarda ba. Ta ce ba za ta iya duban idona ta faɗa mini ba, kuma ba ta son ta karɓi gawata a hanyar Iskandariyya. Malam ya ce shi ƙarami ne a kaina, ba huruminsa ba ne. Aka dubi Badamagare, tunda shi ke da lasisin faɗa mini komai. Ya ce zai iya zagin kakana na bakwai a tsakiyar kasuwa, amma wannan ba wasa ba ne, bakinsa ba zai iya ba. Sai suka shirya su yi ta ja da ni har in gaji, ko in faɗa da kaina.

Ranar dai ban san wannan ba tukuna. Na sauka, na wanke fuska a masallacin bakin titi, na zauna har la'asar, sannan na nufi shagonsa. Na same shi yana ninke atamfa. Na ja kujera, na ce a kawo shayi ba suga, na gyara murya.

"Albishirinka. Na koma wurin ɗan Japan ɗin nan. Ku duka biyu da iliminku ba ku ji ba, ni ina tada shi na ji. Injin yana ƙwanƙwasa. Na ce wa mutumin ya nemi wani wawan, ba Bakano ba. Kunnen nan da kake gani, ko sauro ya yi tari a cikin tanki sai na..."

Bai daina ninkin ba. Ya daidaita bakin atamfar, ya shafe ta da tafin hannu, ya ɗora a kan 'yan'uwanta.

"Injin lafiyarsa ƙalau," ya ce. "Maiɗakinka ta kira ni tun kana saukowa daga bene. Ni ne a tsakiyar layin, da farar riga, ina ɗaga maka hannu biyu. Taku ashirin ne tsakaninmu, Bakano, kuma ni kake kallo."