Lakar da Na Nuna Musu

Lambuna yana bakin kogi, ƙasan Unguwar Rimi, daidai inda kwatar masu gyaran batir take zubowa. Da ruwan wajen nake shayar da alayyahu da latas tun ina saurayi.

Wata safiya mota ta tsaya a saman gaɓa. Mace ta fito da dogayen takalman roba, namiji na biye da ita ɗauke da kula irin ta masu sayar da ƙanƙara. Ta ce daga jami'a suke, laka suka zo ɗiba, za su auna dalma da sauran ƙarafan da ido ba ya gani.

A aji uku na bar sakandare, amma ni ba wawa ba ne. Duk wanda ya taɓa zuwa bakin kogin nan da takarda da biro, katafila ce ta biyo bayansa. Haka aka yi wa maƙwabcina. Yanzu katangar wani ce a inda tumatirinsa yake.

"Baba, daga ina kake jan ruwa?"

Wai Baba. Da kaɗan na girme ta.

"Can sama, Malama."

Na wuce da su gaba da kwatar, da nisa, inda ruwa yake garau. Na miƙa mata shebur, ta ce a'a, ƙarfe zai ɓata awon. Ta ciro cokalin roba. Namijin ya ce, "Ka ga masu digiri na wasan ƙasa ko?" Ban yi dariya ba. Idona na kan abin da take rubutawa.

Bayan damina, malamar ta dawo ita kaɗai.

"Baba, albishirinka!"

"Goro."

"Lakarka lafiya lau, dalmar kaɗan ce. Ba kamar ta wasu wuraren ba, inda muka ce kada a ba yara ganyen."

"Waɗanne wurare?"

"Bakin kwatoci mana."

Yarana huɗu, kullum miyar ganyen nan suke sha.

Na ce, "Malama, in mutum ya nuna muku wurin da ba nan ba ne fa?"

Ta ce, "Na riga na miƙa rahoto, Baba. Sai in an sake turo mu."

Ba a sake turo su ba. Lambun ma babu wanda ya taɓa. Har yau ina kai ganyen Babbar Kasuwa. A gida kuwa na hana a dafa shi, matata ta tambayi dalili har ta gaji.