Ranar da Ba-Haka-Ba Ta Yi Godiya

Duk layin da take ɗinki babu wanda ya san ta da wani suna sai Ba-Haka-Ba. Ita ta ja wa kanta laƙabin, don maganar da ta fi saurin fita daga bakinta ke nan. Tun tana yarinya ta hau keken ɗinki, a kansa ta yi furfura, da shi ta ciyar da 'ya'ya biyar bayan rasuwar mijinta. Idonta kuwa, wai! Daga bakin ƙofa za ta hango kalmasar da ta karkace a rigarka, ta gaya maka tun kafin ta amsa gaisuwa. Autarta, wadda ta gaji keken, ba ta taɓa kai mata ɗinki ta ce ya yi ba. Sai dai ta warware zaren ta miƙo mata, ta ce, "Sake."

Da ciwon suga ya buɗe mata gyambo a ƙafa aka kwantar da ita a asibiti, Auta ce ta zauna jinya. Hali zanen dutse! Ba a gama ɗaura mata ƙarin ruwa ba ta fara: labule an ɗinke shi a hagunce, matashi ya yi tauri, wadda ta zo yi mata allura ba ta iya riƙo ba. Matan sauran gadaje bakinsu ba ya rabuwa da "Sannu Sista, Allah ya saka da alheri." Ita kuwa tsohuwa sai "Ba haka ake yi ba."

Auta ta shiga damuwa sosai. Tsoronta kada ma'aikatan jinya su gaji su riƙa tsallake gadon, ƙafar ta lalace.

"Mama, don Allah ki sassauta," in ji ta. "Baki shi ke yanka wuya. Ko sau ɗaya ki ce kin gode."

"In gode wa karkataccen aiki? Ke ma haka na koya miki?"

Akwai wata nas mai tabarau da ke zuwa da safe, aljihun rigarta ya yage ta maƙale shi da fil. Lamarinta ya ɗaure wa Auta kai. Idan ta gyara gadon kowa, zanin sai ya kwanta sumul kamar an goge shi. Amma tana isowa na tsohuwa sai ta bar gefe ɗaya a karkace, ta tsaya tana kallonta ta saman tabarau. Tsohuwa ta balbale ta da faɗa, nas ta yi murmushi ta wuce. Gobe ma haka. To ramuwar gayya ce? Ai mai ramuwa ba ya murmushi irin wannan. Auta ta juya abin a ranta har ta gaji, ba ta gano ba.

Wata safiya nas ta karkata zanin kamar kullum, ta tsaya. Tsohuwa ta dube ta, idanu a lumshe, ta ce a hankali, "Na gode, 'yata. Allah ya yi miki albarka."

Daɗi ya kama Auta, har da ɗan kishi, don ita ba ta taɓa samun ko rabin wannan ba. Amma nas, maimakon ta ce amin, sai fuskarta ta sauya. Ta dafa goshin tsohuwa, ta kama tsintsiyar hannunta, ta ɗaga bandejin ƙafar ta leƙa. Sai ta fita da gudu tana kiran likita.

Ashe ƙwayar cuta ce daga gyambon ta shiga jini. Nan da nan aka sauya magani, aka ƙara ruwa. Likita ya ce da an kai yamma ba a lura ba, da labari ya sha bamban.

Auta ta tare nas a bakin ƙofa. "Sista, yaya aka yi kika sani?"

"Tsoho idan ciwo ya juya masa, sau da yawa halinsa ke fara sauyawa," in ji ta. "Kowa da abin da nake auna shi. Mamanki faɗanta nake aunawa, shi ya sa nake tsokanar ta da zani. Yau da na ji godiya, gabana ya faɗi."

Kwanaki tsohuwa na kwance ba um ba um-um. Auta da kanta ta koma karkata zanin, tana roƙon Allah ya sa a zage ta. Rannan da hantsi tana jiƙa mata leɓe da ruwa, sai ta ji murya can ƙasa-ƙasa:

"Wace mara kunya ta yi shimfiɗar nan?"

Auta ta fashe da kuka, matan ɗakin suka hau hamdala.

Ranar sallama Auta ta sake roƙo. "Mama, yau dai kya gode mata da hankalinki."

Tsohuwa ba ta kula ta ba. Ta buɗe jakarta ta ciro allura da farin zare, ta yafito nas.

"Zo nan. Tun ranar da na zo aljihun nan ke tsone min ido. Matso, kina yawo da fil kamar ba ki da uwa."

Nas ta tsuguna a gefen gado, tsohuwa ta jawo rigarta ta hau ɗinke mata ita a jiki. Auta ta tsaya riƙe da jakar kaya tana kallo. Wannan maganar, da wannan jan rigar, tun tana 'yar ƙarama take shan su kowace safiya kafin ta fita, kuma duk tsawon shekarun nan faɗa ta ɗauke su.

Tsohuwa ta gatsa zaren da haƙori, ta ɗago kai ta dubi autarta sama da ƙasa.

"Ke ma zo nan," in ji ta.