Rijiyar da Kawu Ya Haƙa wa Auta

Kawuna ya shekara talatin yana haƙar rijiya, kuma ƙa'idarsa ɗaya ce: taku arba'in daga duk wani ramin ƙazanta. Gardama kuwa, ko ba a taya shi ba sai ya yi. Da na samu aiki a ɗakin gwajin ruwa sai ya laƙaba mini Likitar Kwalba, wai ruwan ma sai na duba masa lafiya.

A ganinsa ƙazanta tana bazuwa a ƙasa kamar ɗigon tawada a ƙyalle, tana faɗaɗa tana dushewa. Ƙasa kuwa ba ta da wannan ladabi. Laka takan riƙe guba shekara da shekaru tana sakinta kaɗan-kaɗan, tsagar dutse kuma ta kwashe ta ta kai nesa cikin 'yan makonni. Na sha gaya masa, ya sha yi mini dariya.

Bara aka tura ni unguwar da ke bayan tsohuwar masana'antar fenti, inda suka riƙa zubar da dagwalonsu a rami. Rijiyar da ke jikin katangar masana'antar ta fito tas. Wadda ta fito da gubar dalma ita ce ta gidan Auta, 'yar Kawu, can ƙarshen layi. Sau uku na maimaita gwajin. Auta tana da cikin wata bakwai.

Na tarar da shi a zaure yana gyaran igiya.

"Kawu, rijiyar Auta ce."

"Me ya same ta? Da ƙafata na auna, taku ɗari da goma daga ramin masana'antar."

"Gubar ba ta san taku ba, Kawu. Tsaga ta bi."

Mutumin da yake sauka rami gaba ashirin yana waƙa, ranar sai ya saki igiyar ya miƙe. Ko takalmi bai saka ba muka fita.

Auta ta tarbe mu da murna, ta miƙe da kyar ta ɗebo masa ruwa a kofi. Ya karɓa ya riƙe, ya kasa kallonta.

"Auta, tun yaushe kike shan wannan?"

Ta yi dariya, ta dafa cikinta.

"Haba Baba, tun ranar da ka gama ta mana. Ko na maƙwabta aka ba ni ba na sha, ni naka kawai na yarda da shi."