Ranar da Janareta Ya Sha Gas ɗin Hajiya

An daɗe ana faɗa a majalisarmu wai akwai janareta mai shan fetur, in ya ƙare ya sha gas ɗin girki. Na ce ku tafi can, inji ne ko akuya?

To jama'a, ga shi a tsakar gidana!

Ranar da na je saye, mai shago ya ce, "Baba, nan za ka murɗa ya koma gas. Amma ka haɗa da tukunyarsa." Na ce uwargidana Hajiya na da tukunya, me zan yi da biyu?

Da ta ji, sai ta ce, "Malam, ka taɓa mini tukunya, janaretan za ka ci da rana."

Jiya da azahar aka ɗauke wuta, fetur ya ƙare, gidan mai a rufe. Firiza kuwa cike da kunun ayar da Hajiya za ta kai gidan suna a Mai'adua, ga zafi. Ina gindin darbejiya ina fifita da hula, sai ga Hajiya ta sauke talgen tuwo, ta rungumo tukunyar gas ɗin da kanta.

"Tashi ka murɗa abin nan naka!"

Na haɗa, na murɗa, na ja igiya. Ya tashi! Na yi dariya har da tari. Kunu ya tsira, mu kuwa garin rogo muka jiƙa.

Masu irinsa, tukunya nawa kuka ajiye?

Ni dai yau da safe an zaunar da ni an ba ni labarin janareta mai shan gas, har da nuna mini inda ake murɗawa. Hajiya ce.