Zobba Ukun Da Garba Ya Ɗaura

Yau shekara bakwai ke nan cif da muka kai Garba Sarkin Ruwa makwancinsa a wata maƙabartar Musulmi da ke Maryland. Ba wanda ya naɗa shi sarauta. Mu ne muka laƙaba masa sunan a zamanmu na ranar Lahadi a Gaithersburg, don in dai kun zauna da shi, ko da maganar haraji aka faro, sai ta ƙare a kan kifi. Bakabe ne, ɗan masunta jikan masunta daga wani ƙauye kusa da Argungu. Ni kuwa Bakatsine ne, mai aiki a kantin magani. Ranar da na fara shiga tasinsa a Washington ya ji lafazina, ya leƙo ni ta madubi ya ce ashe yau bawansa ya ɗauko. Daga nan muka kama tsokanar juna, ba mu daina ba sai da ƙasa ta rufe idonsa. Kowace shekara nakan yi niyyar rubuta wani abu a kansa, sai in ga yabo kawai nake jerawa, in yaga takardar. Bana ba yabo na zo yi ba. Akwai abin da na yi masa bayan rasuwarsa wanda har yau ban faɗa wa kowa ba.

Wani fasinja ne ya ba shi labarin wani tafki a tsaunukan yammacin Maryland, tafiyar awa uku daga inda muke, wanda ke daskarewa da sanyi har mutane su taka samansa, su huda ƙanƙara, su zura ƙugiya. Garba bai yarda ba sai da ya je ya gani. Ya dawo kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka. Mutumin da ya yi shekara goma sha wani abu yana zagaye ofisoshin jakadanci da mota, yana ganin kogi ta taga kawai, sai ga shi ya sami ruwan da zai tsaya a kai da ƙafarsa. Cikin shekara biyu ya raina sandunan fatsar da ake sayarwa a kanti, ya mai da garejinsa wurin haɗa nasa da hannu.

Sandar fatsar ƙanƙara gajera ce, ba ta wuce tsawon hannun babban mutum ba, siririya, bakinta na rawa ko kifi shinshinar ƙugiya ya yi. A jikinta ake jera zobban da zaren ke bi ta cikinsu, a naɗe ƙafar kowane zobe da zaren ɗinki, a shafa gam ya bushe. A kan waɗannan zobba Garba ke ɓata kwana da kwanaki. Zai lanƙwasa sandar a gwiwa, ya duba yadda ta gantsare, ya ɗiga alama da fensir a inda kowanne zai zauna. Kuma kullum masu faɗi yake zaɓa, na siririyar waya tsirara, marasa ado ko kaɗan. Ni da nake son abu tsaf, sai in ce masa waɗannan ai zobban labule ne, ya bari in sayo masa na mutunci.

"Kai Bakatsine, mi ka sani ga ruwa?" in ji shi. "Ruwan ƙasag ga ba irin namu na ba. Zare shina hitowa da jiƙa, ruwan ya maƙale ga zobe, nan take ya koma dutse. Ƙaramin zobe shi ka fara toshewa. Ni ma sai da ya ci ni sau biyu kahin in gane."

Ya faɗa mini wannan ba sau ɗaya ba. Amma ni a lokacin amsar da zan mayar masa nake nema, ba sauraro nake ba. Sau huɗu na raka shi tafkin, sau huɗu na zauna a mota da hita a kunne da fulas ɗin shayi, ina hango shi can tsakiyar fari fat, a tsugune kan bokiti. In ya dawo in ce masa Allah ya shirya Kabawa, ruwa ya gudu ya ɓuya ma ba su ƙyale shi ba.

Ɗa guda Allah ya ba shi, Faruk, haifaffen nan. Yana jin Hausa sarai, amma da Turanci yake amsawa, kuma tun yana ƙarami yake toshe hanci in ubansa ya shigo da kifi. Garba bai taɓa yi masa faɗa a kan haka ba. Sai dai bayan hawan jini ya buge shi karo na farko, hannunsa na dama ya fara karkarwa, ya kira ni gareji ya nuna mini wata sabuwar sanda. Ya ce ba shi da kogin da zai bar wa yaron, ba shi da homar kamun kifi, ba shi da goran iyo, amma ba zai yiwu a ce ɗan Bakabe ya girma bai taɓa jin kifi ya ja zare a hannunsa ba. Yana so yaron ya san ubansa ya iya wani abu ban da tuƙi. Zobba biyar sandar za ta ɗauka, ban da na baki. Uku ya samu ya ɗaura, da koren zare. Bugu na biyu ya same shi da rana tsaka a layin jiran fasinja, bai ƙara magana ba. Faruk yana da shekara goma sha bakwai.

Da Maman Faruk ta fita takaba, ta miƙo mini sandar a naɗe cikin tsohon tawul. Ta ce, "Malam Lawal, ga amanar abokinka. Ka ƙarasa masa." Na kai ta gida na baje a kan tebur, na kunna fitila mai haske. Abin da na gani bai yi mini daɗi ba. Naɗin zaren ya karkace, wani wuri ya hau kan wani, gam ya taru ya yi ƙulu a gefe ɗaya. Zobban nan na labule sun yi zuru-zuru a kan siririyar sanda. Na ce a raina ciwo ne ya sa, da yana da lafiya ba zai bar aiki haka ba. Mu kuma ba a kai kyauta da muni a wurinmu, balle ta maraya, balle wadda za a ce aikin ubansa ne na ƙarshe. Na ga kamar rufin asiri zan yi masa.

Na je kantin kayan kamun kifi na ce a ba ni zobba mafi kyau na ƙaramar sanda. Ban ambaci ƙanƙara ba, don bai ma zo mini a rai ba. Aka ba ni wasu ƙanana masu sheƙi, kowanne da baƙin tangaran a cikinsa, ramin bai fi ƙwayar dawa ba. Na dawo na ɗauki reza. Na yanke naɗin Garba ɗaya bayan ɗaya, na kankare gam ɗin har sandar ta yi sumul, na tattara koren zaren da zobban ukun na zuba a kwandon shara. Mako uku na yi ina koyon naɗi a kan fensir kafin in taɓa sandar. Da baƙin zare na ɗaura nawa, ba ɗigon gam ko ɗaya da ya fita layi. Wallahi da na gama har alfahari na ji. Maman Faruk ta daɗe tana kallon sandar ranar da na kai, sannan ta ce Allah ya saka da alheri, ba ta ƙara komai ba.

Sai a sanyi na biyu tafkin ya daskare yadda zai ɗauki mutum, Faruk kuma ya dawo hutu daga jami'a ya yarda zai bi ni. Muka tashi bayan sallar asuba. Ranar ce ta farko da na taka ƙanƙarar da ƙafata. Wani dattijo da ke kusa ya taimaka ya huda mana rami, muka zura ƙugiya. Ba a yi minti goma sha biyar ba na ga zaren ya fara sarƙewa. Ruwan da yake kwasowa ya taru a ƙananan zobbana ya daskare, ramin zoben ya toshe ruf. Na hura da baki, na goga da yatsa, ya buɗe, ya sake toshewa. A nan, a tsugune, maganar Garba ta dawo mini kalma bayan kalma, har da yadda yake cewa dutse. Ana cikin haka bakin sandar ya duƙa. Faruk ya zabura ya fara naɗewa, fuskarsa ta canza, na ga Garba a cikinta ƙarara. Zaren ya ƙi motsi. Ya ja da ƙarfi, ya tsinke a daidai zobe na biyu.

Faruk ya sauke sandar a cinyarsa. Can ya cire safar hannunsa, ya riƙa shafa naɗin da babban yatsa. Sai ya yi mini tambaya da Hausa, cikakkiyar jimla, abin da ban taɓa ji daga bakinsa ba.

"Baffa, wanne ne Baba ya ɗaura?"

Na nuna masa ukun farko. Na ce, "Waɗannan."

Ya gyaɗa kai. Ya koma Turanci ya ce ai ya gane, sun fi sauran kyau. Ya yi ɗan murmushi ya ƙara da cewa ashe duk surutun kifin nan da Baba ke yi, bai san zobe yana daskarewa ba. Ba da raini ya faɗa ba, da tausayi ne, irin wanda ake yi wa tsohon da ya cika baki. Hanyar faɗa masa gaskiya ta buɗe mini a lokacin, kalma biyar ta isa. Na duba agogo na ce sanyi ya yi yawa, mu koma mota.

Shekara biyar ke nan da wannan rana. Faruk yana Houston yana aikin injiniya, inda ba a san ƙanƙara ba sai a kofi. Sandar tana rataye a bangon falonsa, nakan hango ta a bayansa in ya kira ni da Sallah. Bai sake kama kifi ba. Mahaifiyarsa ta koma Birnin Kebbi, ba ta taɓa tayar da maganar koren zare ba, ni ma ban taɓa ba. Sau uku na ɗauki waya da niyyar faɗa masa, sau uku muka ƙare a kan aikinsa da batun aure.

Nakan tambayi kaina me Garba zai ce da zai leƙo yau. Layin tasin da ya yi rabin rayuwarsa a kai ya watse, kowa da waya yake kiran mota. Garejinsa wasu ne a ciki. Tafkin ma ya zama ba tabbas, wata shekara ya daskare mako biyu, wata shekara a ce kada kowa ya taka. Zamanmu na Lahadi daga mu tara ya koma mu uku, kuma ba mai maganar ruwa. Ina jin duk wannan zai ɗauke shi da dariya, ya ce duniya ce. Abin da ban san yadda zai ɗauka ba shi ne nawa. Yakan ce Bakatsine ko kabari aka ba shi sai ya nemi a goge masa shi ya yi ƙyalli. Wasa yake yi, ni kuma na tabbatar masa da shi a kan abu ɗaya tak da ya roƙi duniya ta bar masa. Ya so ɗansa ya san ubansa masunci ne. Ni na sa yaron ya ɗauka ubansa direba ne mai yawan labari.

Yanzu na iya zaɓen zobe. Na san a nemi mai faɗi, mara nauyi, na waya zalla wanda ruwa ba ya samun wurin zama, wanda in ya kama ƙanƙara ɗan bugu da farce ya isa. Na haɗa sanda biyu haka, suna jingine a kusurwar ɗakina, ba wanda zan ba.

In aka ce me ya rage na Garba a jikin waccan sandar ta Houston, abu ɗaya ne. Ɗigon fensir ɗin da ya yi wa sandar a kan gwiwarsa, biyar, rezata ba ta kai gare su duka ba, kuma a kansu na ɗora zobbana. Suna nan a ƙarƙashin baƙin zarena da gam, inda ba mai ganinsu. Allah ya jiƙan Garba, ya sa ya huta, ya yafe mini abin da shi ba ya nan balle in roƙe shi.

Jaridar nan da za ta buga wannan rubutu ba ta zuwa Houston. Ko ta je, Faruk ba ya karanta Hausa. Na san da haka tun kafin in ɗauki alƙalami.