Kan Ɓera

A gidanmu na Kontagora, da an idar da sallar isha'i sai mu kewaye murhun Kaka, tana gasa doyar Mashegu tana ba mu tatsuniya. Mutuniyar Dukku ce, Hausarta da ɗanɗanon Dukanci, yarensu na can. Ni kuwa “Maigida” take ce mini, irin tsokanar kaka da jika, ko da yake ko cefanen gishiri ban taɓa yi mata ba.

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta ɗan ɓeran da ya tafi wani rumbu mai nisa nemo wa uwarsa dawa. Kullum ya yi shirin komawa sai ya ce, “Bari in ƙara ƙwaya ɗaya.” Ranar da ya iso gida da kaya niƙi-niƙi, tsufa ya cinye uwar. Ta shinshina shi, ta ce, “Baƙo, wa kake nema?”

Sai Kaka ta rufe: “Ƙurunƙus kan ɓera!”

“Kaka, wai me kan ɓera ya yi, kullum a kansa ake ƙarewa?”

“Maigida sarkin tambaya! In ka girma ka buɗe ka gani.”

Bakinta ya kama ni. Aikin injiniyan lantarki na karanta, daga nan na zarce binciken ƙwaƙwalwa a ƙasar waje. Yau aikina ƙera wata 'yar na'ura da ake ɗora wa ɓera a ka, mu ga yadda yake tuna hanya da yadda yake mantawa. Duk lokacin da Kaka ta sa aka kira ni, amsata ɗaya ce: bari in kammala wannan gwajin.

Bana na dawo. Na durƙusa na gaishe ta, ta dube ni da ladabi ta ce, “Sannu da zuwa, Malam.” Na san sunan wannan ciwon mantuwa, na san inda yake ci a ƙwaƙwalwa, amma ba ni da maganinsa. Kunya ta rufe ni.

Da yamma na hura murhu, na ba ta tatsuniyarta. Da na kai ƙarshe na sake yi mata tsohuwar tambayata, ko Allah zai sa.

Ta yi dariya. “Haka Maigidana yake tambaya. Ya tafi karatu, Malam. In ka gan shi, ka ce doyarsa tana hucewa.”