Sunan da Inna Ta Sa Mini Ya Kore Ni Daga Sabha

A lokacin ni makanike ne a wani gareji a Manshiya, cikin Sabha, ɗan Damagaram mai surutu da tsokana. Tun ina yaro Inna take kirana fitinanne, sunan ya biyo ni har Libiya, ina amsawa da dariya. A wurinmu ai yaron da ya ɓarar da fura ma fitinanne ne.

Wata rana muna shan shayi, mai garejin, wani dattijon Balarabe da ya riƙe ni kamar ɗansa, ya tambayi abokin aikina, ɗan garinmu, dalilin wannan suna. Shi kuwa da guntun Larabcinsa ya ce ni mai fitina ne, duk inda na shiga sai na haɗa mutane faɗa, ko masallaci ban bari ba. Nufinsa takalman abokai da nake ɓoyewa bayan sallah. Muka yi ta ƙyaƙyata dariya, dattijon ko murmushi bai yi ba. Ashe a bakinsu fitina ita ce raba kan Musulmi da tayar da husuma a addini, irin wadda ta sa suka binne 'ya'yansu. Ga shi kuma unguwar ana ta rigima kan wanda zai yi limanci.

Kafin Juma'a magana ta zaga. Wasu samari masu bindiga suka ɗauke ni, suna tambaya wane malami ya turo ni, wace aƙida na kawo. Ni da ko izu ɗaya ban haddace ba! Na sha duka har na rasa haƙoran gaba. Abin da ya fi ci mini rai, da aka kira abokin nawa ya yi bayani, tsoro ya sa ya ce bai san ni sosai ba. Ranar da aka sake ni na tarar an fitar da kayana a bakin ƙofar garejin, abokin nawa kuma yana aiki da sifanata. Har gobe ban yafe masa ba.

Da na dawo gida Inna ta tarbe ni tana murna fitinannenta ya dawo. Wallahi nan take na roƙe ta kada ta ƙara kirana da wannan suna. Tun daga ranar da sunan yanka take kirana, kamar baƙo.

'Yan'uwa masu tafiya, kada ku ɗauka duk kalmar da muka ara daga Larabci nauyinta ɗaya a can da nan. Ni wasa ya cinye mini haƙora, ya kuma ƙwace mini sunan da na fi so a bakin mahaifiyata.